Kwalba Mai Jan Tambari

Ranar Alhamis da hantsi aka gano kwalbar ba ta nan.

Dokta Bashari, shugaban ɗakin gwaje-gwaje na wata kwalejin kimiyya mai zaman kanta da ke unguwar Malaz a birnin Riyad, shi ya buɗe kabad ɗin ƙarfen da hannunsa ya ga gurbi. Ƙaramar kwalba ce mai jan tambari, irin wadda ba a taɓa ta sai da safar hannu, ba a buɗe ta sai malami na tsaye. Ya duba sama, ya duba ƙasa, ya cire tabarau ya goge ya sake dubawa. Da ya tabbata, bai kira 'yan sanda ba. Maiwada ya kira.

Maiwada shi ne babban mai kula da tsaro a kwalejin. Tsohon ɗan sandan ciki ne daga Kaduna, inda aka san shi da bin sawu. Ba shi da sauri, ba shi da tsawa, amma in ya ɗora ido a kan ƙafar mutum sai ya ga inda ta kwana. A Riyad kuwa aikinsa bai wuce raba faɗan wurin ajiye mota da neman wayar da aka manta a masallaci ba, har shi kansa ya fara mantawa da abin da ya iya.

"Rufe ƙofar," in ji Dokta Bashari. Mutumin Sudan ne, jikan Hausawan da suka yada zango a hanyar hajji. Hausarsa na nan, sai dai ta sha Larabci. "Jiya rukuni ɗaya ne ya yi aiki a ɗakin nan, kuma duka mutanenka ne. Basiru, Lado, Sha'aban."

"Mutanena ko mutanenmu, Dokta?"

"Yau dai naka ne." Bai yi murmushi ba. "Mudir, shugaban kwaleji, zai dawo Lahadi. In ya dawo ba kwalba, dole in sanar, 'yan sanda su shigo. Ka san abin da zai biyo baya."

Maiwada ya sani. Iƙamar kowa, wato katin zamansa a ƙasar, a hannun kwalejin take. Ta ɗaliban, tasa, har ta Doktan. Kati ne ɗan mitsitsi, amma shi ne igiyar da kowa ke ɗaure da ita.

"Amma ba wannan ne ya hana ni zama ba," Dokta ya ci gaba, ya rage murya. "Abin da ke cikin kwalbar nan yana kashe mutum. Na taɓa koyarwa a wata ƙasa, wani ɗalibi ya ɗauki irinta. Ba don ya sayar ba, ba don wani ba. Don kansa."

"Haba Dokta, Allah ya kiyaye. Yaranmu ba sa wannan. 'Ya'yan Musulmi ne, kowannensu da goshin sallarsa. Sata ce, wani ya ga abin da zai yi kuɗi."

"Allah ya sa haka ne."

Maiwada ya fita da tabbacin ɓarawo yake nema. Ya daɗe bai yi kuskure mai girman wannan ba.

* * *

Kafin azahar labari ya fita. Wa ya fitar? Oho. Mutanenmu dai, Allah ya bar mu da su, in an ce a rufe magana to an ba su izinin yaɗa ta ke nan. Daga ɗalibai ta kai ga direbobinmu na unguwar Shumaisi, daga direbobi ta kai ga matansu, kowa kuma ya ƙara mata gishiri. Tsoro ne ya kama kowa, don an san in ɗan Najeriya ɗaya ya yi abu, duka ake yi wa kallon.

Basiru ya fara nema, don shi ne shugaban rukunin, shi aka ba makulli. Ya same shi a wurin cin abinci, ya sa shinkafa a gaba ya kasa ci. Dogo ne mai baki, irin wanda ko gaisuwa yake yi sai ka ɗauka taro yake jagoranta.

"Baba Maiwada, wallahi makullin bai bar hannuna ba."

"Ko da salla?"

Basiru ya sosa ƙeya. "To, da aka kira azahar na rataye shi a ƙusar bayan ƙofa. Ba a shiga bayi da shi, ba a alwala da shi. Kowa haka yake yi, har malamai."

"Wa ya riga ka fita?"

"Tare muka fita. Amma a sahu ban ga Lado ba. Kuma da aka tashi, ko sallama bai yi mana ba ya ɓace. Kullum haka yake, la'asar na yi sai ka neme shi ka rasa. Ka tambaye shi ina yake zuwa, sai ya ce laburare. Ni kuwa a laburare nake kwana, ban taɓa ganinsa ba."

"Sha'aban fa?"

"Wannan bawan Allah?" Basiru ya yi 'yar dariya. "Shi ma ya makara a sahu, amma ai shi alwalarsa ta tsofaffi ce. Jiya fa ya riƙe hannuna yana neman gafara, wai gobe Juma'a zai tafi Umra. Har kunya ya ba ni, don ni ne na laƙaba masa Balaraben Gubaira, unguwarsu, saboda Hausarsa. Na ce na yafe, ya sa ni a addu'a."

Maiwada ya gyaɗa kai. Mai shirin zuwa Ɗakin Allah ya nemi yafiya, ai ba labari ba ne.

Duk da haka ya nemi yaron, don a cika ƙa'ida. Ya same shi a inuwar bangon masallaci yana zaune shi kaɗai. Siriri ne, mai sanyin magana. A Gubaira aka haife shi, a nan ya girma. Maiwada ya san mahaifinsa, direban babbar mota, wanda ya rasu bara.

"Ka ji abin da ya faru?"

"Na ji, ya ammi." Haka yake kiran manya, da Larabci, sai in ya tuna ya gyara. "Na ji, Baba."

"Ka ga wani ya taɓa makullin?"

"Ban ga wani ya taɓa ba."

Fuskarsa a kwance take kamar ta wanda ya gama jarrabawa. Maiwada ya ga ɓarayi iri-iri a rayuwarsa, ya san zufarsu, ya san yadda idonsu ke neman ƙofa. Wannan ba ya neman ƙofa. Sai ya dafa kafaɗarsa, ya ce ya gaishe da mahaifiyarsa, ya wuce.

* * *

Lado bai yarda sun haɗa ido ba. Gajere ne, ɗan Gumel, mai kaurin hannu. Ya ce da azahar cikinsa ne ya murɗa, da la'asar kuma laburare ya tafi. Maiwada bai kalli bakinsa ba, takalminsa ya kalla. A gefen tafin akwai ɗigo-ɗigon fenti, shuɗi da ruwan toka, wani sabo wani tsoho. Ba a fentin laburare kullum.

Da aka tashi, ya bar shi ya yi nisa, sannan ya ja tsohuwar motarsa ya bi. Lado ya shiga bas, ya sauka, ya waiga, ya sake waigawa, ya kutsa cikin lungunan Gubaira inda gareji ke manne da gareji, iska na warin man inji da ƙonannen ƙarfe. Maiwada ya ajiye mota ya bi da ƙafa. Rana ta yi sanyi a agogo kawai, bangaye na ta amayar da zafin da suka sha tun safe.

A can ƙarshen wani lungu ya same shi, ya canza riga, ya ɗaure hanci da ƙyalle, yana fesa wa ƙofar mota fenti. Da Lado ya ɗago ya gan shi, abin feshin ya faɗi daga hannunsa.

"Wannan ne laburaren?"

"Baba, don girman Allah." Ya durƙusa a kan siminti mai maiƙo. "In kwaleji ta ji ina aiki da iƙamar ɗalibi, na gama. Da azahar ɗin ma mai garejin ne ya kira ni a waya, na laɓe a bayan gini ina ba shi haƙuri. Ni ke riƙe da gidanmu. Amma kwalba, in na taɓa ta Allah ya ƙona ni."

"Masu gareji na sayen irin waɗannan abubuwa."

"Me za su yi da ita? Mu fenti muke yi, Baba. Ka duba ko'ina."

Ya duba. Bai ga komai ba sai gwangwanaye da tsummoki. Zuciyarsa ta rabu biyu: yaron ya yi ƙarya, amma ƙaryar tana da nata dalilin daban. Yana fitowa ya yi kiciɓis da wani direba ɗan Shumaisi da ya kawo gyaran mota. Suka gaisa. Direban ya leƙa ciki, ya ga Lado a durƙushe, ya kalli Maiwada, ya ce, "Allah sarki." Tun a nan Maiwada ya san ya ja wa yaron. Kafin ya kai gida, gari duk ya ɗauka cewa an kama ɓarawon a inda yake sayarwa.

* * *

Da safiyar Juma'a ya koma Gubaira, ya sake zagaya garejin a rufe, bai ƙaru da komai ba. Da yake gidan su Sha'aban na kusa, ya tsaya ya gaida mahaifiyarsa, Hajiya Muhibba. Ita ke yi wa gwauraye tuwo da miyar kuka ranar Juma'a. Ta turo masa kujera bakin ƙofa, ta tsaya daga bayan labule, muryarta cike da murna.

"Malam Maiwada, ka taya ni godiya ga Allah. Yaron nan ya warke."

"Dama ba shi da lafiya ne, Hajiya?"

"To, ba ciwon asibiti ba. Tun bayan rasuwar babansa ya zama wani iri. Ba ci, ba barci, ba magana. In na tambaya ya ce karatu ne. Har rubutu na sa aka yi masa. Sai cikin makon nan kawai ya ware. Ya ci abinci har ya nemi ƙari. Ya gyara mini famfon da ya daɗe yana zuba, ya koya mini yadda zan riƙa biyan wuta ta waya da kaina, wai kar in dogara da shi. Littattafansa ma ya raba wa yaran maƙwabta. Da asuba ya durƙusa a gabana ya ce in yafe masa, zai tafi Umra. Na ce na yafe maka duniya da lahira, me ka taɓa yi mini?"

"Allah ya karɓa," in ji Maiwada.

Wani abu ya ɗan taɓa shi a ƙirji, kamar ƙaramar tsakuwa a takalmi. Amma wayarsa ta yi ƙara, Basiru ne, yana cewa an kira taro bayan Juma'a a gidan ɗalibai, manya za su zo, a gama maganar Lado kafin Lahadi. Sai tsakuwar ta bi ta kan wannan.

* * *

Gidan ɗaliban a hawa na uku yake, a wani tsohon bene a Malaz. Na'urar sanyaya ɗaki ta mutu tun jiya, kuma an rufe tagogi don kada maƙwabta su ji. Mutane sun cika falon har bakin ƙofa: ɗalibai, direbobi, da dattawa biyu da ake kira in rigima ta tashi. Kowa na zufa, kowa na tsoro, tsoron kuma ya koma fushi. An sa Lado a tsakiya. Basiru na tsaye a kansa. Sha'aban na jikin ƙofa da 'yar jakar goyo a ƙirji, ya ce motarsu ta Makka bayan la'asar za ta tashi, ya zo ne kawai ya yi sallama.

"Ka fito da ita, ko ka faɗi wanda ka sayar wa," in ji ɗaya daga cikin dattawan. "Ba za ka ja mana kora mu duka ba. In ka ƙi, mu da kanmu za mu miƙa ka."

"Ban ɗauka ba."

"Me ya kai Baba Maiwada garejinku, in ba sawunka ya bi ba?" in ji Basiru.

Ido ya dawo kan Maiwada. In ya faɗi abin da ya kai Lado gareji, ya tona masa asirin aiki. In ya yi shiru, ya bar shi a matsayin ɓarawo. Bai taɓa jin ɗaki ya matse shi haka ba.

"A duba kayansa," wani ya ce daga baya.

Kafin a hana, an jawo akwatin Lado daga ɗaki an zazzage a kan kafet. Riguna, sabulu, hular sanyi, hoton wata tsohuwa. Sai fararen tawul biyu a naɗe cikin leda, irin waɗanda maza ke ɗaurawa in za su shiga Makka.

"Ka ga har da harami," in ji Basiru. "Ɓarawo da shirin Umra."

"Ba nawa ba ne," in ji Lado. "Sha'aban ya ba ni shekaranjiya, da ya zo neman gafara. Ya ce na babansa ne marigayi, in riƙe, ya san ina son zuwa ba ni da shi."

Ba wanda ya kula da maganar. Aka ci gaba da hayaniya, ana zazzage aljihunan riguna. Maiwada kaɗai ya tsaya cak.

Mai tafiya Umra yau, ya kyautar da haraminsa shekaranjiya. Na mahaifinsa kuma. Ya juya a hankali ya kalli jakar da ke ƙirjin yaron. Ƙarama ce, a lafe, ko tawul ɗaya ba za ta ɗauka ba. Hannayensa biyu na kanta. Kuma tun yaushe ne mutumin Riyad, da ke shiga mota ranar Juma'a ya dawo Lahadi, yake bin mutane ɗaya bayan ɗaya yana neman yafiya kamar mai tafiya hajji a ƙafa? Ga famfo, ga biyan wuta, ga littattafai. Kowa ya ji, kowa ya ce na yafe, kowa ya ce a sa shi a addu'a. Bankwana yaron yake ta yi musu a fili, su kuma suna sa masa albarka. Tsoro ya kama Maiwada, tsantsarsa, da kunyar abin da ya faɗa wa Dokta Bashari.

In ya kira sunansa a gaban mutanen nan, yaron na jikin ƙofa, matakala na bayansa, kuma ƙafar saurayi ta fi tasa.

Sha'aban ya duba agogo. Ya matso, ya ɗan rusuna. "Baba, zan wuce. Kai kaɗai ka rage. Ka yafe ni."

"Ma yi wannan a mota," in ji Maiwada, ya kama hannunsa kamar da wasa. "Zo in rage maka hanya zuwa tasha."

"Ba sai ka wahala ba, ya ammi."

"Ni da babanka ba ma haka." Ya juya ga dattawan, ya ɗaga murya karo na farko. "Ku mayar wa yaron nan kayansa. Na bi sawunsa, na duba, ba shi ba ne. Wanda ya taɓa shi kafin in dawo, da ni zai yi."

Bai tsaya jin gunaguninsu ba. Bai kuma saki hannun ba har suka sauka.

* * *

Titunan Malaz fayau, kamar kullum bayan Juma'a, shaguna a rufe. Maiwada ya yi tafiya kaɗan, ya gangara inuwar wani gini ya tsaya. Bai kashe injin ba. Sha'aban na zaune da jakar a cinya.

"Da me za ka yi harami?"

"Zan saya a hanya. Ana sayarwa."

"Ka kyautar da na mahaifinka don ka sayi na kasuwa?"

Sha'aban ya kawar da kai.

Maiwada ya yi shekaru yana tambayar mutane, masu kisa da masu fashi, bai taɓa jin tambaya ta yi masa nauyi a baki kamar wannan ba. Ba a yin ta a wurinmu. Ana kewaye ta, a ce damuwa, a ce shaiɗan, a ce a yi ta addu'a. Ya ga kewayen ne ya kawo su nan.

"Sha'aban, kashe kanka kake shirin yi?"

Yaron bai motsa ba. Sai kwanciyar nan ta fuskarsa ta fara tsagewa. Ya sunkuyar da kai a kan jakar, kuka ya ƙwace masa, irin na wanda ya daɗe yana riƙewa. Maiwada bai ce ya yi haƙuri ba, bai ce haramun ba ne. Yaron ya san wannan tun yana ƙarami. Ya dai bar hannunsa a bayansa har kukan ya lafa.

"Sun kore ni daga kwaleji," in ji Sha'aban, Hausa da Larabci na cakuɗe masa. "Na faɗi jarrabawa, na sake faɗi. Tun da Baba ya rasu nake duba takarda ba na ganin komai. Ƙarshen zango za su soke iƙamata, su ba ni huruj, fita ba dawowa. Zuwa ina, ya ammi? Sun ce ƙasarku. Ban taɓa ganinta ba. Ban san kowa ba, Hausata ma dariya ake yi mata. Nan kuma, inda aka haife ni, inda kabarin babana yake, ba nawa ba ne. Umma na ta gaya wa mutane ɗanta zai gama ya riƙe ta. Na duba gaba bango, na duba baya bango."

"Wa ka faɗa wa?"

"Wa zan faɗa wa? Na ce wa wani ina cikin ƙunci, ya ce in ƙara istigfari. Na ƙara."

"Ita ce a jakar nan?"

Ya gyaɗa kai. "Ban so a kama Lado ba. Na ɗauka in an same ni za a gane." Ya share fuska da hannun riga. "Kowa ya yafe mini, har Umma. Kai ma ka yafe, Baba, ka bar ni in sauka."

"Ban yafe ba."

Sha'aban ya ɗago da sauri. Duk tsawon rayuwarsa bai taɓa jin an ba da wannan amsar ba.

"Ban yafe ba," Maiwada ya sake cewa, idonsa ya ciko. "Su ma da suka yafe, ba su san abin da ka tambaye su ba. Ni na sani. Ba zan yi maka ƙarya ba, maganar iƙama ban san yadda za ta ƙare ba. Zan je wurin Dokta, zan je wurin mudir, in ce yaro ne da aka yi wa rasuwa ya kwanta ciwo ba wanda ya lura, har da ni. Wataƙila su ji, wataƙila su ƙi. In sun ƙi, ina da gida a Kaduna, ina da 'ya'ya sa'anninka, ba za ka sauka a hannun baƙi ba. Wannan duk maganar gobe ce. Ta yau ita ce ciwon da ke cikinka, kuma akwai likitocinsa. Ba ni jakar."

Yaron ya ƙanƙame ta. Maiwada bai kai hannu ba, ya dai buɗe tafinsa ya ajiye a tsakaninsu, ya jira. Wata mota ta wuce. Can nesa aka fara kiran la'asar. Hannun nasa ya fara gajiya, bai janye ba.

A hankali Sha'aban ya ɗaga jakar ya ɗora masa.

Ba ta da nauyi ko kaɗan. Maiwada ya zare makullin motar, ya fita ya kulle jakar a but ɗin mota, ya dawo ya zauna. Ya kira Dokta Bashari.

"An same ta. A rufe take. Ka zo da abin ɗaukarta ka same mu a asibiti, wajen Shumaisi. Ka kira Basiru ka ce Lado ba ruwansa, kar ka ƙara masa komai a kai."

Dokta ya ce, "Yana da rai?"

"Ga shi kusa da ni."

Ya ji mutumin ya sauke numfashi yana hamdala, ya kashe wayar.

"Kar ka faɗa wa Umma," in ji Sha'aban.

"Kai za ka faɗa mata, ni ina tsaye a bayanka. Gara ta ji daga bakinka."

Ya tayar da mota, ya juya ta yamma. Yaron ya jingina kai da gilashi, a gajiye liƙis, yana kallon rufaffun shaguna na wucewa. Sai da suka tsaya a jar wuta ya yi magana, ba tare da ya juyo ba.

"To yaushe za ka yafe, Baba?"

"Ba yau ba. Ka zo gobe ka sake tambayata."

"In goben ta yi fa?"

"In ce maka jibi."